Sanarwa: zaman duba kakar Philadelphia Eagles ta 2025

Assalamu alaikum, ƴan uwa masoya ƙwallon zari-ruga ta Amurka.

Muna sanar da ku cewa za mu yi zaman tattaunawa ta kiran murya a wannan rukuni ranar Asabar mai zuwa, bayan sallar Isha'i, domin duba yadda kakar 2025 za ta kasance ga Eagles, waɗanda suka ɗauki kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar NFL, babbar gasar ƙwallon zari-ruga ta Amurka, a Fabrairun 2025 bayan sun lallasa Kansas City Chiefs da ci 40 da 22.

Babban abin dubawa shi ne tafiyar Kellen Moore, kocin da ya kasance mai tsara wa Eagles kai hari, zuwa New Orleans Saints, da kuma ko jikin Saquon Barkley, ɗan wasan Eagles mai rugawa da ƙwallo, zai sake ɗaukar irin nauyin da ya ɗauka a kakar 2024, lokacin da ya ruga yadi 2,005. A ganina, wannan ne zai yanke makomar kakar.

Ana roƙon kowa ya turo hasashensa na wasanni 17 da Eagles za su buga a kakar kafin daren Juma'a. Wasan farko da Dallas Cowboys ne, ranar 4 ga Satumba, wanda a agogon Najeriya zai faɗa bayan ƙarfe 1 na dare, wayewar 5 ga Satumba, saboda haka masu niyyar kallo tare su rubuta sunayensu.

Allah ya bar zumunci. Na gode.