Zuwa ga abokan cinikinmu, kan sabon gasasshen shayinmu

Assalamu alaikum.

Da yawanku kun sha tambayar mu ko akwai abin da mutum zai kurɓa da yamma ya ji ɗaci da ƙamshi irin na gahawa, ba tare da ya kwana yana juyi a gado ba. To, mun haɗa gasasshen shayi na sha'ir da saiwar wani tsiro da ake kira cikori, kuma gara ku ji gaskiyarsa daga bakinmu tun ba ku saya ba.

Wanda ya sha yana jiran idonsa ya buɗe tar zai ce mun cuce shi, domin kafeyin, sinadarin gahawa mai hana barci, babu shi a cikinsa ko ƙanƙani. Wuta ce ta sa ya yi kama da gahawa. Saiwar cikori fara ce idan an tono ta. Sai an yanka, an shanya, an gasa har ta yi duhu, sannan zaƙin da ke cikinta ya ɗan ƙone ya ba da wannan ƙamshi. Dabarar ma ba tamu ba ce. Da Napoleon, sarkin Faransa, ya toshe ciniki tsakanin Ingila da nahiyar Turai a 1806, gahawa ta yi wuya, Faransawa suka koma wa cikori. A Japan kuwa gasasshen sha'ir ake tafasawa, a sha da sanyi lokacin zafi.

Mu dai shawararmu, kada ku yar da gahawa rana ɗaya. Mai sha kullum idan ya daina kwatsam, ciwon kai da kasala kan biyo baya na 'yan kwanaki, sai ya ɗora wa shayinmu laifi. Ku fara da maye gurbin kofin gahawa na yamma da shayinmu. Jiki yakan ɗauki kusan awa 5 kafin ya rage rabin kafeyin, don haka wanda aka sha ƙarfe 4 yana nan da sauransa ƙarfe 9 na dare. Na safe kuma a gauraya, rabi gahawa rabi shayinmu.

Cokali ɗaya ya isa kofi guda. A tafasa minti 5, a tace. Yana karɓar madara sosai.

Mai larurar da ke hana shi cin alkama ya kiyaye, sha'ir ma yana da gulutin, sinadarin da ke cikin alkama. Cikori kuma yakan kumbura wa wasu ciki a farko, sai a rage yawa. Mai juna biyu ta fara tambayar likita.

Idan kun gwada kuka ji ya yi ɗaci da yawa, ku gaya mana, za mu rage masa wuta a gashi na gaba.

Naku,
Dukkan ma'aikatanmu