Rahoton ayyukan shekara ga 'yan ƙungiyarmu na Tabuka, ƙasar Saudiyya

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa da 'yan uwa maza da mata.

Buɗa-bakin azumi, gudummawar jana'iza da hidimar alhazai sun gudana yadda aka saba, ma'aji zai karanta lissafinsu a taro. Aikin da ya fi ɗaukar hankalinmu bana shi ne na hunturu.

Duk lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe Jabalul Lauz, dutsen da tsayinsa ya haura mita 2,500, samarinmu sai su cika motoci su nufi can. Ta nan ba ta da kauri, abin tsoro a cikinta santsin hanya ne da sanyi. Amma wasu sun fara tafiya hutu Turkiyya da Jojiya, suna ɗauka duk dusar ɗaya ce. Wannan ya sa muka yi zaman wayar da kai a kan zaftarewarta.

Abin da aka nanata mana shi ne, sabuwar dusa ta fi haɗari. Ba ta gama manne wa tsohuwar da ke ƙarƙashinta ba, iska kuma ta kwaso wata ta jibga a bayan tudu. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya ɓalle shimfiɗar sabuwar dusar gaba ɗaya ta zaftaro, musamman a kwana ɗaya ko biyun farko, a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45. Wanda ta binne, idan an tono shi cikin minti 15 yawanci yakan rayu. Bayan rabin sa'a sai dai ikon Allah. An tuna mana da lardin Wan na Turkiyya, inda a watan Fabrairun 2020 sama da mutum 40 suka rasu, da yawansu masu ceto ne da zaftarewa ta biyu ta rutsa da su.

Ma'aunin haɗarin da ake amfani da shi a Turai daga 1 zuwa 5 yake. Mataki na 3 ne ya fi cin rayuka, domin mutane na raina shi. Ni dai wannan ya girgiza ni, don da idona na ga hotunan yaranmu a tsaye a gindin gangare.

Zaman bai cika ba, kuma waɗanda aka shirya dominsu ne suka fi ƙaranci. Za mu maimaita shi kafin Disamba. Iyaye, don Allah ku turo su, ko ku zo tare da su.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya