Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Rijiyar Burtsatsen Garinmu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Mai Girma Hakimi, ta hannun Dagacinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma irin ta 'ya'ya ga ubansu, Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Ranka ya daɗe, mu talakawanka ne, dattawa da malamai da mata da samari na wannan gari da rugagen da ke kewaye da shi. Mun taru a ƙofar gidan Liman bayan sallar Juma'a, muka yanke shawarar mu rubuto maka. Muna neman afuwa idan wata kalma ta yi kaushi. Zukatanmu ne a ɗaci.

Ranka ya daɗe, a makon nan muka binne yarinya. Ba ta ma isa shiga makarantar allo ba. Da daddare amai da gudawa suka kama ta, uwarta ta yi ta ɗura mata ruwan gishiri da sukari kamar yadda ma'aikatan lafiya suka koya wa matanmu, amma ruwan da aka haɗa shi da shi daga kududdufin bayan gari aka ɗebo, don babu wani ruwan a gidan. Kafin gari ya waye idanunta sun faɗa. Aka goya ta a babur za a kai ta asibiti, ba su kai rabin hanya ba ta cika. Mun yarda da ƙaddara, rai na Allah ne, kuma babu wanda zai wuce kwanansa. Sai dai duk wanda ya tsaya a bakin kabarin nan ya san ruwan da ta sha. Yayyenta biyu suna kwance yanzu ana ƙara musu ruwa, akwai kuma wasu yaran a unguwar gabas da suka fara irin wannan ciwo. Daga maƙabarta, idan ka ɗaga kai, kana hango tankin ruwanmu a sama kan ƙarfensa, babu ko ɗigo a ciki.

Wannan kududdufi, Allah ya taimake ka, ramin da aka haƙi ƙasar gini ne. Nan shanu ke sha, nan jakuna ke shiga har gwiwa, nan yara ke wanka. Ruwan ya koma kore. Mata kan ɗebo su jefa alif su bar shi ya kwanta, su tace da ɗankwali. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe cuta. Tafasawa kuma sai da itace, itace ya yi tsada, gidan da ke da mutum goma ko fiye ba zai iya tafasa ruwan sha kullum ba. Samarinmu da yawa sun fara fitsarin jini, wato tsargiya, wasu iyayen ma sun ɗauka alamar balaga ce.

Ga yadda abin ya faro. Rijiyar burtsatsenmu mai amfani da hasken rana ce. Farantan sola ke ba da wuta, wutar ta bi ta akwatin kwantirola, ta sauka zuwa injin sumo da ke can ƙasan rijiya, shi kuma ya turo ruwa zuwa tanki, daga tanki ya gangaro kawunan famfo. Shekarun da ta yi tana aiki ba mu san wahalar ruwa ba, har mutanen ƙauyukan maƙwabta suna zuwa da jarkokinsu a amalanke. A ƙarshen daminar da ta wuce aka yi wata tsawa da daddare. Da safe famfo ya ƙi kawo ruwa, masu gadi suka ce sun ji ƙauri daga akwatin. Muka kai rahoto. Bayan wani lokaci aka turo ma'aikata, suka buɗe akwatin suka ce ya ƙone, suka zaro sumon daga rijiya suka ce shi ma sai an duba shi a birni. Suka saka shi a mota. Ba su bar mana takarda ba, mu kuma ba mu nema ba, don mun ɗauka kwana biyu ne. Daga ranar har yau ba mu sake ganin injin nan ba.

Wurin da ya mutu kuwa ɓarayi ke ziyarta. Cikin sanyin hunturu aka kwance wasu daga cikin farantan, aka yanke wayar da ta haɗa su. Da an gyara a kan lokaci, akwati ɗaya za a saya. Yanzu akwati ne da sumo da faranti da waya. Bakin rijiyar ma a buɗe aka bar shi, sai samarinmu ne suka rufe shi da buhu da dutse don kada yara su jefa tsakuwa.

Ba mu zauna mun naɗe hannu ba, ranka ya daɗe. Mun je sakatariya, mun koma, mun sake komawa, har ba ma iya tuna sau nawa. Wata rana a ce mai sa hannu ya yi tafiya, wata rana a ce takardar tana sama, wata rana a ce ba aikinsu ba ne, na jiha ne, can kuma a ce a koma ƙaramar hukuma. Dagacinmu, Allah ya saka masa, ya raka mu da ƙafarsa. Mun rubuta takarda, mun kira a waya, mun aika 'ya'yanmu da ke aiki a birni. Mun yi karo-karo muka gyara tsohon famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallaci, aka canja masa roba, ya yi 'yan makonni sandunansa suka karye saboda gari guda ya taru a kansa tun asuba har dare. Waɗanda suka zo neman ƙuri'a sun tsaya a gindin tankin nan sun yi alkawari a gaban Liman. Ba za mu kama suna ba, don ba faɗa ya kawo mu ba.

Yanzu ga bazara ta shigo. Rijiyoyin guga sun ƙafe, sai laka. 'Yan matanmu na fita tun kafin kiran assalatu su tafi garin da ke gaba da mu, su dawo hantsi ya dubi ludayi, makaranta ta riga ta shige su. Malaman firamare sun kawo mana ƙorafi cewa ajin mata ya kusa zama kango. Mai hali yana sayen na 'yan garuwa, amma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 masu injin janareta suka ƙara kuɗin ruwa, 'yan garuwa su ma suka ƙara. Magidanci na zaune yana lissafin ko ya sayi jarka ko ya sayi awo. Masana lafiya sun ce mutum ɗaya na buƙatar aƙalla lita 20 a rana don sha da girki da 'yar tsafta. Jarka ɗaya lita 25 ce. A garinmu akwai gidajen da jarka biyu ke kai su kwana. Mai jego ba ta samun ruwan wanka yadda ya kamata. Alwala ma, wallahi, an fara yin ta da tsimi, tsofaffi suna tambayar Liman hukuncin taimama alhali suna zaune a garinsu.

Akwai kuma abin da muke jin tsoron faɗa, amma dole Hakimi ya sani. A 'yar rijiyar da ta rage a fadama, an fara sa-in-sa tsakanin matan gari da 'yan'uwanmu Fulani masu shayar da dabbobi. Shekara da shekaru muna zaune lafiya da su, muna cin kasuwa ɗaya, muna halartar sunan juna. Har yanzu Arɗo da masu unguwanni ke kashe wutar. Ba mu san iya kwanakin da za su iya ba. Shi ya sa Arɗo ma ya ɗora yatsansa a kan wannan takarda.

Ranka ya daɗe, dattawanmu ba su manta da kurkunu ba. Akwai masu tabonsa a ƙafa har yau, suna tuna daminar da magidanci zai kwanta gonarsa ta cika da ciyawa. Ruwan kududdufi ne ya kawo shi, ruwa mai tsabta ya kore shi. Janar Yakubu Gowon ya zagaya ƙauyuka a kan wannan yaƙi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya ta rabu da cutar. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, kuma jiharmu Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi muni. Sannan a 2022 aka bayyana jiharmu a matsayin ta farko a Najeriya da ta daina bahaya a fili. Mun yi murna, domin da guminmu a ciki. Kai da kanka ka umarci masu unguwanni kowane gida ya haƙa masai, muka ce mun ji mun bi, muka haƙa. Aka ce a ajiye buta da sabulu ko toka a ƙofar masai, muka ajiye. To yau da wane ruwa za a cika butar? An koya wa 'ya'yanmu wanke hannu a makaranta, suna dawowa gida su sha abin da jaki ya taka.

Damina saura kaɗan. Ruwan farko shi ne ke kwaso duk ƙazantar gari ya zuba a kududdufi da rijiyoyin da ba su da murfi. Idan da rani muka binne yarinya, Hakimi ya fi mu sanin abin da ke tafe idan hadari ya taso ba a gyara rijiyar nan ba.

Don haka muke durƙusawa a gabanka da waɗannan buƙatu. Muna roƙon ka kira waɗanda abin ya rataya a wuyansu, a gabanka, su faɗi inda injin sumonmu yake. In yana nan a dawo da shi. In ya lalace a nuna mana gawarsa, a sayo wani. Muna roƙon a maye akwatin da ya ƙone da farantan da aka sace, a kuma sa masa abin kare tsawa, don rashinsa ne ya jawo mana wannan duka. Kafin a sake buɗe famfo, a wanke tankin, a zuba maganin kulorin a rijiyar da bututun, a bar ruwan farko ya zube, a ɗebi na bayansa a kai gwaji, domin rijiyar ta daɗe a buɗe kuma ba mu san abin da ya faɗa ciki ba. Ba ma so a ce an gyara, mu koma shan cuta ta bakin famfo.

Kafin gyaran ya kammala, muna roƙon a taimaka mana da tankar ruwa ko sau biyu a mako, da ƙwayoyin tsabtace ruwa a raba wa gidaje. A turo jami'an lafiya su duba yaran da ke kwance, su gano ko kwalara ce, su duba masu tsargiya su ba su magani. A gyara mana tuƙa-tuƙan bakin masallaci da sanduna masu inganci. In da hali a haƙa wa makiyaya wurin shayarwa daban, nesa da inda mata ke ɗiba. Kuma, ranka ya daɗe, a dawo mana da sumon. Mun faɗa a sama, muna sake faɗa, domin dukiyar jama'a ce aka ɗauka da rana tsaka a gaban idonmu.

Mu ma mun ɗauki namu nauyin. Mun amince kowane gida zai riƙa ba da wani abu duk wata a asusun gyara, kuɗin a hannun kwamitin da mata za su kasance a ciki, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a bayan Juma'a. Samarinmu sun yarda za su yi gadin wurin bi da bi, za mu kuma kewaye farantan da katanga da kuɗinmu da ƙarfinmu. Muna da yara masu hannu a aikin waya da gyaran injin ban ruwa. A koya wa biyu daga cikinsu yadda ake kula da kayan, don ƙaramar matsala ta daina jiran mota daga birni. Daga yau kuma ba wanda zai zaro ƙarfe ɗaya daga rijiyar nan sai ya sa hannu a takarda a gaban Dagaci.

Liman ya tuna mana cewa Sayyidina Usmanu, Allah ya ƙara masa yarda, ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, kuma shayar da ruwa na cikin mafi falalar sadaka. Muna yi wa Hakimi fatan irin wannan lada. Idan abin ya fi ƙarfin wannan ofishi, muna roƙon ka ɗauki kukanmu ka kai gaban Mai Martaba, domin maganar da ta fito daga fada ba a ajiye ta a aljihun tebur kamar tamu. Samarinmu sun so su tare hanya ranar da aka yi jana'iza. Mu dattawa muka hana, muka ce muna da uba, a bari mu gaya masa tukuna. Sun ji maganarmu, kuma kullum suna tambayarmu ko amsa ta zo.

Muna gayyatar Hakimi, in Allah ya ba shi iko, ya zo ko ya turo wakili ya ga kududdufin nan da idonsa, ya kuma yi wa uwar yarinyar ta'aziyya. Tun ranar ba ta iya cin abinci.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara masa lafiya da adalci, amin.

Mu ne talakawanka masu biyayya,

Limamin gari da na'ibinsa, masu unguwanni, Arɗo a madadin rugage, shugabar mata, shugaban samari, da magidantan da suka sa hannu ko suka ɗora yatsa a takardar da ke haɗe da wannan.