Kada Neman Kuɗin Magani Ya Raba 'Ya'ya da Gefen Gadon Iyayensu

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan halin da 'ya'ya kan shiga idan likitoci suka tabbatar cewa ciwon mahaifinsu ko mahaifiyarsu ya kai matakin da ba a sa ran warkewa. A irin wannan lokaci abubuwa biyu ne ke jan mutum, kowanne da ƙarfinsa, wato neman kuɗin da za a ci gaba da magani, da kuma zama kusa da majinyacin a ɗan abin da ya rage masa na kwana. Abin da nake gani shi ne na farkon yakan cinye na biyun ba tare da kowa ya yi niyyar hakan ba, kuma sai bayan an yi rashin iyali ke farga da abin da ya kuɓuce musu.

Wanda bai taɓa kafa gidauniyar neman taimako ba zai ɗauka cewa rubuta saƙo ɗaya ne a aika, sannan a zauna jiran abin da Allah zai kawo. Ba haka abin yake ba. Tun da shafuka irin su GoFundMe, wanda aka kafa a 2010, da Facebook da WhatsApp suka zama hanyar roƙon gudummawa, aikin ya koma na dare da rana. Sai an rubuta bayanin ciwon, an ɗauki hoton takardun asibiti, an amsa tambayar wanda ke shakkar ko damfara ce, an gode wa wanda ya bayar, an tuna wa wanda ya yi alkawari bai cika ba. Kuma waɗannan shafuka suna binne duk saƙon da ya kwana biyu ba a motsa shi ba, don haka dole a riƙa fitar da sabon labari da sabon hoto, in ba haka ba gudummawar ta tsaya cak.

Na ga wani babban ɗa a tsaye a farfajiyar ɗakin majinyata, waya a kunne, wata wayar a hannu, yana karanta lambar asusun banki ga wani da bai taɓa gani ba. A ciki mahaifinsa ya farfaɗo daga barcin magani, hankalinsa ya dawo na ɗan lokaci, yana tambaya, "Ina yayanku?" Ƙanwar ɗan ta ce, "Baba, yana waje, yana maganar kuɗin magani ne." Kafin yayan ya gama ya shigo, barci ya sake ɗauke dattijon. Ba wanda zai zargi wannan ɗa da rashin ƙauna, domin ƙaunar ce ta tsayar da shi a waje. Amma a ƙarshen ciwo lokutan da majinyaci ke cikin hayyacinsa ƙalilan ne, ba su da ƙa'idar zuwa, kuma kullum raguwa suke yi.

Ban ce a daina neman taimako ba. Magani yana da tsada, jinya tana hana mutum fita neman abinsa, kuma iyalai da yawa sun shiga bashin da suka shekara suna biya bayan rasuwar majinyacinsu. Sai dai akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba, wanda ke sa 'ya'ya su nutse cikin neman kuɗi fiye da kima. Zama a gaban mahaifin da ke ramewa kullum, ba ka da abin da za ka iya yi masa, abu ne mai tsananin nauyi a zuciya, alhali neman kuɗi yana ba mutum jin cewa yana wani ƙoƙari, yana ganin adadi na ƙaruwa. Ga kuma tsoron bakin mutane, kada a ce 'ya'yan wane sun zuba ido sun bar ubansu ya mutu. Wannan tsoro ya sa an sayar da kadarori, an yi doguwar tafiya da marar lafiyar da ko zama ba ya iya yi, domin maganin da likitan farko ya riga ya san ba zai canza komai ba.

Saboda haka, kafin a buɗe kowane asusu, ya kamata iyali su zauna da likita su yi masa tambaya kai tsaye: wannan magani da ake nema wa kuɗi, warkarwa zai yi, ko tsawaita kwana, ko rage raɗaɗi? Idan tsawaitawa ne, da kamar nawa, kuma da wace irin wahala ga majinyacin? Rai a hannun Allah yake, babu likitan da zai yanke wa mutum ranarsa, amma likita ya san abin da aka saba gani ga masu irin wannan ciwo a irin wannan mataki, kuma haƙƙin iyali ne su ji. Amsar ita ce za ta nuna ko dukiya mai yawa ake buƙata, ko kuwa ɗan abin da zai sayi maganin ciwo, da katifa mai laushi, da mai taya jinya da dare.

A nan ne ya kamata mutane su san da fannin kulawar sauƙaƙa raɗaɗi, wanda wata likita 'yar Birtaniya, Cicely Saunders, ta ɗora harsashinsa na zamani lokacin da ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967. Ta koyar da cewa ciwon mai bakin mutuwa ya haɗa da na jiki, da damuwar zuciya, da tunanin iyali, da na ruhi, kuma duk sai an kula da su. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su shigar da wannan kulawa cikin tsarin lafiyarsu. Duk da haka hukumar ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatarta a kowace shekara, kuma kusan kashi 14 cikin ɗari kaɗai ke samu. Babban maganin da take dogara da shi wajen ciwo mai tsanani, wato mofin na sha, yana cikin magunguna masu araha. Wani bincike da aka wallafa a 2010, wanda aka yi a kan majinyata 151 masu ciwon dajin huhu da ya yaɗu a wani asibiti a birnin Boston na Amurka, ya gano cewa waɗanda aka haɗa musu wannan kulawa tun da wuri sun fi samun natsuwa, an rage musu magunguna masu wahalarwa a ƙarshen rayuwa, kuma matsakaicin kwanansu ya kai wata 11.6, yayin da na waɗanda aka yi wa maganin da aka saba kawai ya tsaya a wata 8.9. Wannan ya isa ya nuna cewa zaɓar sauƙi ga majinyaci ba sallama shi ba ne.

Idan kuwa ta tabbata ana buƙatar kuɗi, to taura biyu ba ta taunuwa. Kada wanda majinyacin ya fi son gani a gefensa ya zama shi ne mai riƙe da wayar gidauniya. A danƙa aikin ga wani amintacce da ke ɗan nesa da gadon, ko kawu, ko ɗan'uwa, ko aboki na ƙut da ƙut, a haɗa shi da mutum na biyu da zai riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, tare da ajiye kowane rasit, domin kuɗin jama'a da ba a rubuta ba sun raba zumunci a gidaje da yawa. A tsayar da adadin da ake nema, idan ya cika a rufe asusun a sanar. A kuma keɓe sa'o'in da za a kashe waya a zauna da marar lafiya, musamman lokacin da masu jinya suka lura ya fi samun kuzari.

Akwai kuma batun mutunci, wanda ya fi damuna a cikin duka. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin rufin asiri, sai ga hotonsa babu riga, da roba a hanci, yana yawo a wayoyin mutanen da bai sani ba. Na ga dattijuwar da ta juya fuskarta ga bango lokacin da aka ɗaga waya za a ɗauke ta, ba ta ce komai ba, kuma aka ɗauka. Muddin majinyaci yana cikin hankalinsa, a nemi izininsa kafin a fitar da hotonsa ko sunan ciwonsa, a kuma tambaye shi abin da shi kansa yake so. Sau da yawa abin da yake so shi ne a mai da shi gida, ya ga jikokinsa, ya faɗi bashin da ke kansa da wanda yake bi, ya bar wasiyya, ya nemi yafiyar wanda suka saɓa. Duk waɗannan suna buƙatar ɗa ko 'ya a zaune, suna sauraro ba tare da gaggawa ba.

Masu ba da gudummawa su ma suna da nasu rabon. Wanda ya bayar don Allah kada ya ɗora wa iyali nauyin ba shi rahoto kullum, ya jira sanarwar da za a fitar ga kowa. Wanda ba shi da kuɗi yana iya karɓar kwanan jinya na dare ɗaya, ko kai yara makaranta, ko bin layin karɓar magani.

Roƙona na ƙarshe ga likitoci da ma'aikatan jinya ne. Idan kun ga iyali suna shirin sayar da abin da suka mallaka ko fita roƙon jama'a, ku kira su gefe tun kafin su fara, ku faɗa musu gaskiyar matakin da ciwon ya kai cikin harshen da za su fahimta, ku kuma nuna musu inda za su sami maganin rage raɗaɗi.

Na gode.

Wani mai karanta jaridarku