Rahoton Kwamitin Gyaran Kwata da Kwalbatin Layinmu a Agege

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu da sauran 'yan'uwa.

Kwamitin da kuka naɗa yana farin cikin sanar da ku cewa aikin kwatar layinmu da kwalbatin bakin titi ya kammala, alhamdu lillahi. Ruwan Yuni da Yuli da ya saba shiga shaguna da wurin alwala yanzu ya samu hanyar da zai bi zuwa babbar kwata.

Da farko wasu dattawa sun ba da shawarar mu tara kuɗi mu yi abinmu, tunda mu ruwan ke ci. Niyyarsu mai kyau ce, amma ba a fasa titi ba tare da izini ba, kuma tsarin mulkin 1999 ya sanya tituna da magudanan ruwa na cikin unguwa a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Haƙƙinmu ne, ba roƙo muka je yi ba. Sai da muka fara tantance sakatariyar da layinmu ke ƙarƙashinta, domin Legas na da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37 da aka ƙirƙiro a 2003, kuma Orile-Agege, ɗaya daga cikin yankunan nan, daga cikin Agege aka fitar da ita.

Abin da ya buɗe mana ƙofa shi ne ƙungiyar raya unguwa, wato CDA. Mu Hausawa mun daɗe muna ƙaurace wa taronta, muna ganin na masu gidaje ne, alhali da yawanmu nan aka haife mu, nan kakanninmu suka yi fataucin goro. Da muka zauna da maƙwabtanmu Yarbawa, ashe ruwan da ke damunmu su ma shi ke hana su barci. Takarda ɗaya muka rubuta, Baale, wato mai unguwar Yarbawa, da wakilin Sarkin Hausawa suka sa albarka, kansila ya kai ta da hannunsa.

Injiniyan da sashen ayyuka ya turo ya cece mu daga asara. Mu yashe kwata kawai muka yi niyya, shi kuwa da ya auna sai ya gano tsohon kwalbatin ya yi ƙanƙanta, gangaren kuma ya karkata baya. Da mun yashe mun tafi, da bana ma mun sha ruwa. Hukuma ta kawo motar haƙa da tifofin kwashe ƙasa. Siminti, rodi, tsakuwa da kuɗin birkila da kafinta daga gudummawarku suka fito. Matasa sun yi aikin gayya, iyayenmu mata suka ciyar da su. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Ma'aji ya manna lissafi da rasidai a allon masallaci, duk mai tambaya ya same shi bayan sallar La'asar.

Saura marafan siminti na gefen makarantar Islamiyya, a ja wa yara kunne kafin a rufe. Don Allah a daina zuba ledar ruwa da ɓawon kayan miya a kwata, a biya kuɗin motar shara, masu shaguna kuma su fito sharar safiyar Alhamis.

Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ake ta maganar yadda za a kashe su. Saboda haka muna neman a zaɓi mutum biyu da za su riƙa wakiltarmu a kowane taron CDA, za a karɓi sunaye bayan sallar Juma'a.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamiti.