Wasiƙar makaranta zuwa ga iyaye: jakar ko-ta-kwana kafin kogi ya cika

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara, barkanmu da komawa lakol.

Wasiƙar wannan wata ba ta kuɗin APEE, ƙungiyar iyaye da malamai, ba ce, ku kwantar da hankali. Maganar ruwa ce. Mu nan Kuseri, a arewacin Kamaru, kowa ya san halin kogunan Logon da Shari, ruwan sama zai ɗauke mutum ya ce an tsira, ashe na kudu yana kan hanya, sai Oktoba zuwa Nuwamba kogi ya tumbatsa. Haka ya yi mana a 2022, da mu da ƴan uwanmu na Njamena, a 2024 kuma kun ga abin da ya sami Yagwa da sauran Mayo-Danay. Shi ya sa muke roƙon kowane gida ya haɗa jaka guda tun yanzu, kuma wallahi yawancin kayan suna ɗakunanku, ba sai an je kanti ba.

Na farko takardu, kuma nan zan tsaya sosai. Abin da ya fi ba mu wahala a ofis bayan ambaliya ba littafi ba ne ba allo ba, akta ce, wato takardar haihuwa. Yaro ya kai CM2, ajin ƙarshe na firamare, lokacin haɗa dosiye na CEP, jarrabawar gama firamare, ya zo, uba ya zo yana cewa malam ruwa ya ci, to daga nan sai zirga-zirga tsakanin meri (ofishin magajin gari) da kotu, kuɗin mashin kaɗai ya ninka kuɗin ledar da za ta kare ta sau nawa. Ku sa akta, karne (littafin rigakafi), katin shaida da bulitin (takardar sakamakon jarrabawa) ɗin yara cikin leda biyu, ku ƙulle baki, ku rataye sama, ba ƙarƙashin katifa ba don Allah. Mai waya ya ɗauki hotonsu. Wanda ya kawo mana fotokopi za mu ajiye a fayil ɗin yaron.

Sai ruwan sha. Abin mamaki ne mutum yana tsaye cikin ruwa har gwiwa amma ba na sha, don masai da rijiya sun haɗu, nan kwalara ke samun ƙofa. Jarka mai lita 20 mai murfi, a wanke a cika, a riƙa sauyawa. In ta ƙare a tafasa ruwa ya yi ɓararraka na minti 1 ko fiye, ko a jefa ƙwayar Aquatabs ta tsabtace ruwa yadda aka rubuta a fakiti a jira minti 30. Sabulu ko guntu ne a saka. Iyaye mata ku haddace wannan: lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, shi ake ba mai zawo kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti. Kar a ƙara gishirin wai don ya fi aiki, illa yake yi. In da fakitin SRO na farmasi, wato haɗaɗɗen garin gishiri da sukari, ya fi.

Abinci kuwa wanda ba ya son wuta, garin rogo, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, sukari. Ashana cikin kwalba mai murfi, tocila da batir, gidan sauro, tabarma, da maganin da wani a gida yake sha kullum kamar na hawan jini. Canji kaɗan a hannu ma, don ranar da ba wuta ba rezon waya kuɗin cikin waya ba ya sayen ko buredi.

Yaran kuma mun fara koya musu a aji, kowa ya haddace lambar babansa ko mamarsa, da 118 ta ƴan kwana-kwana. Ku tambaye su yau da dare ku ji. Ku kuma ja musu kunne kan wasa cikin ruwan da ya kwanta, mu muna faɗa amma da an tashi sai ka ga an naɗe wando.

In ruwa ya tare hanyar unguwarku kar ku turo yaro, ba za mu rubuta masa fashi ba. Fotokopin akta a kawo wa malamin aji kafin ƙarshen Satumba.

Direktan makaranta