Koken masu gidajen kallo da iyayen yara zuwa ga Mai Martaba Lamiɗon Garwa

Assalamu alaikum. Barkama, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Mu ne 'ya'yanka masu gidajen kallon ƙwallo a unguwarmu, tare da wasu iyayen yara da 'yan moto da masu shayi da masu tsire da suke neman abinci a bakin ƙofofinmu. Mun fara kai maganar nan wajen Jauro, wato mai unguwarmu, ya saurare mu tsaf sannan ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, mu rubuta mu bi ta hannun Sarkin Hausawa ta iso fada. Ni da aka ba ni rubutun na fi shekara 10 a sana'ar nan, da ita na yi aure da ita nake biya wa yara kuɗin makaranta, to in ka ji zafi a maganata ka yafe min, ciwon ne ya yi yawa.

Ranka ya daɗe, kowa ya san abin da garin nan ya shiga bayan zaɓen shugaban ƙasar Kamaru na 12 ga Oktoba 2025. Da aka faɗi sakamako ranar 27 ga wata aka ce Shugaba Paul Biya ya samu kashi 53 da wani abu, Issa Tchiroma Bakary ɗan garin nan kashi 35, ai ba sai mun ba ka labari ba, an rasa rayuka, an kama yara, uwaye sun kwana ba barci. A waɗancan kwanakin ba wanda ya ce mu rufe, mu da kanmu muka ja ƙofa muka sa kwaɗo, domin mu ma muna da 'ya'ya. Amma an rantsar da shugaban ƙasa tun 6 ga Nuwamba, kasuwa ta koma, makarantu sun koma, 'yan moto na ta kai da kawowa, mu kaɗai aka bari a baya. Har yau da dare wasu sukan zo su ce a kashe telebijin kowa ya watse, wai taron samari taron siyasa ne. Yau su ce ƙarfe 10, gobe su ce 9, jibi ba su zo ba sam, in ka ce a nuna maka takardar doka sai a ce kana da taurin kai. Wani lokaci a cire dekoda a tafi da ita, kuma ba ta dawowa sai ka ba da wani abu, ba rasit ba komai. Ba mu ambaci sunan kowa ba a nan, kuma da gangan ne, gyara muke nema.

To Barkama, wasan zakarun Turai ƙarfe 9 na dare ake take shi a lokacin sanyi, sai wajen 11 ya tashi. Wa zai ba ka sefa 100 ya kalli rabin wasa a kore shi? Mu kuwa kuɗin Canal+ duk wata yana nan ba ya jira, haya tana nan, wuta ka san halinta musamman in zafin Maris da Afrilu ya kama, dole janareto. Fetur a gidan mai daga 630 ya koma 730 a 2023, ya koma 840 a 2024, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya na bakin titi da muke lallaɓawa da shi ma, tun da Najeriya ta cire tallafi ya daina zama na talaka. Mai shayin ƙofata da yake sayar da burodi ya ƙare kafin hutun rabin lokaci yanzu da saura yake komawa gida.

Amma wallahi ba maganar kuɗin ce ta fi ci mana rai ba. In aka tambaye mu, ana hirar siyasa a gidan kallo? Ana yi, ba za mu yi maka ƙarya ba. Ina ne ba a yi a Garwa yanzu? A wajen suna ana yi, a zaman makoki ana yi, a kan moto ana yi. Ƙwallon ma kanta a ƙasar nan ai ta cakuɗe da siyasa, duk yaro ya san takun saƙar da aka yi tsakanin Samuel Eto'o, shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, da ma'aikatar wasanni a 2024 kan wanda zai horar da 'yan wasan ƙasa, to yaya za ka hana yaro ya ce uffan? Abin da muke so a duba shi ne, wannan bencin namu shi kaɗai ya rage inda ɗan jam'iyyar RDPC da ɗan FSNC da ɗan UNDP suke haɗa kafaɗa su zauna awa biyu ba wanda ya ɗaga wa wani hannu. Bahaushe, Bafulatani, Bafali, ɗan kudu da aiki ya kawo shi kamfanin auduga na Sodecoton, duk benci ɗaya.

Akwai wasu yara biyu a layinmu uwa ɗaya uba ɗaya, tun zaɓe suka daina cin tuwo kwano ɗaya, uwarsu ta yi kuka ta gaji. Lokacin gasar kofin Afirka ta Maroko na gan su da idona, ɗaya can gaba ɗaya can baya, Kamaru ta jefa ƙwallo a raga, kafin ka ce me sun rungume juna suna tsalle, sai daga baya suka tuna suna gaba, kuma kunya ta hana su komawa. Tare suka tafi gida. Mu da muka ga daren da Vincent Aboubakar, ɗanmu da ya taso a ƙungiyar Coton Sport, ya ci Brazil a 2022 har ya cire riga aka ba shi jan kati, mun san abin da ƙwallo take yi wa garin nan. Ranar ba wanda ya tambayi wani katin jam'iyyarsa. Haka lokacin da aka kawo mana wasannin kofin Afirka filin Roumdé Adjia a farkon 2022.

Kuma in an kore su ina suke zuwa? Ba gida suke zuwa ba, ranka ya daɗe, iyayen da suka sa hannu a takardar nan su ne shaida. Lungu suke shiga, wasu bakin kogin Binuwai, can inda masu tiramol suke jiransu. Kowa ya duƙufa kan waya, TikTok da WhatsApp, a turo tsohon bidiyo na wata ƙasa a ce yanzu-yanzu ne a Dwala ko Marwa, yaro ya hau ya zauna, ba babba kusa da zai ce masa kai wannan ƙarya ne. A gidan kallo ko ba komai akwai fitila, akwai idon mutane, akwai dattijon da zai daka tsawa a yi shiru.

Mu ma muna da namu laifin kuma gara mu faɗa da bakinmu. Lokacin kamfen 'yan siyasa sun shigo mana, wannan ya biya kuɗin wasa kowa ya shiga kyauta, wancan ya kawo sabon telebijin amma da sharaɗin a manna hoto a saka waƙar jam'iyya a hutun rabin lokaci, wasu cikinmu kuma suka karɓa saboda talauci. Daga nan zargin ya samo asali. Irinsa ne ya ɓata mana bukukuwa, mai kiɗa ya sako waƙar habaici dangin ango su tashi, biki ya watse kafin a kai amarya. Zaɓen 'yan majalisa da na magadan gari da aka ɗage yana nan tafe, in ba a yi wa abin nan iyaka ba za a koma gidan jiya.

Shi ya sa muke roƙonka, kai ne uban kowa kuma maganarka tana shiga inda tamu ba ta kaiwa. Ka taimaka a zauna da hukuma a fitar mana da doka ɗaya a rubuce wadda za mu manna a ƙofa, a bar mu mu kai ƙarshen wasa a daren da ake buga shi, minti 15 bayan an tashi mu rufe. In akwai tara a faɗi nawa ce kuma a ba da rasit. Kayan da aka ɗauka a dawo wa masu su. Sannan dan Allah a kira wakilan jam'iyyu fada, dukkansu ba a ware ko ɗaya ba, a gaya musu a gabanka su bar mana gidajen kallo da filin biki.

Mu kuma mun yi alkawari a gaban Jauro: ba hoton ɗan takara, ba waƙar jam'iyya, ba kyautar ɗan siyasa. Yaran makaranta ba za su wuce isha'i ba in gobe akwai karatu, lokacin sallah a kashe sauti, kowane gida a ajiye dattijo ɗaya da unguwa ta yarda da shi. Wanda ya karya a cikinmu mu za mu fara kawo sunansa.

In fada tana so ta tabbatar, a turo dogari ko wani wakili daren Talata ko Laraba ba tare da an sanar da mu ba, ya zauna a baya ya ga abin da ake yi. Sunayenmu da sa hannunmu suna wajen Jauro, duk ranar da aka kira mu za mu zo.

Allah ya ja zamanin Lamiɗo, Allah ya zaunar da Garwa lafiya.

'Ya'yanka,
Masu gidajen kallo da iyayen yaran unguwa